Ledar Jini da Fim ɗin Yaya

Har yau idan na ji mutum ya ce "ai na gani a fim", raina yakan soma ɓaci tun bai kai ƙarshen maganarsa ba. Yayana ne ya jawo. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, malamin Larabci ne a wata sakandare a Shinkafi, kuma mutum ne da yakan kashe talabijin a gidansa idan aka sa talla mai kiɗa. Shi ɗin ne ya kawo mana fim har bakin gadon asibiti, a daminar da 'yata ta biyu ta kusa kuɓuce mini.

Yarinyar tana da sikila. A lokacin tana aji huɗu a firamaren da nake koyarwa a Kaura Namoda. Mun san ciwon ciki da waje: gwiwa, baya, ƙirji, ruwan zafi da tsumma, kuka har murya ta dushe. Amma a wannan karon zazzaɓin sauro ne ya haɗu da shi. Ta yi fari fat, idanu suka yi rawaya, ko kofi ba ta iya riƙewa. Likita ya ja fatar idonta ya duba, ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, a nemo mai bayarwa a ranar, kada a bari ta kwana a haka. Irin nata babu shi a ajiye. Nawa da na ubanta kuma ba a so, tunda mu biyun ne muka haɗa mata wannan gado, kowa da rabinsa. Uban ma yana Zurmi wurin aiki, hanya ta rufe a kwanakin, motoci sun tsaya. Sai waya yake ta bugowa yana tambayata ko an samu.

Na buga gida tun da asuba na ce ana neman jini. Da hantsi sai ga mota maƙare da dangi daga Shinkafi da Badarawa. Da na hango maza suna fitowa, ƙarti majiya ƙarfi, har hamdala na yi a fili.

Ashe dubiya suka zo. Wanda ya san dubiyarmu ya san tsarinta. A shigo a jere, kowa ya tsaya kan mara lafiya ya ce sannu, a yi addu'a, mata su zube a ƙasa kusa da gado, maza su fita su shimfiɗa tabarma a inuwa. Ɗan dubiya baƙo ne, ba a aikensa, ba a kuma roƙonsa komai, shi ne yake kawowa. To sun kawo kuwa. Da suka ji "jini" sai kowa ya ɗauko abin da ya sani yana ƙara jini. Ga zogale, ga dabino, ga hanta soyayya a leda, ga madarar gwangwani. Goggonmu, ƙanwar babanmu, ta dire jarka guda ta ruwan karan dafi, ja wur, ta ce da asuba ta dafa, a ba ta kofi safe da yamma, kafin sati za a ga ja a tafin hannunta. Na karɓa na yi godiya. Me zan ce wa tsohuwar da ta tashi da asuba ta hura wuta dominki?

Yaya bai fita tare da maza ba. Ya zauna a bakin gadon, ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya irin wadda yake yi kafin ya ja dogon bayani.

"Akwai maganad da nika so mu yi," ya ce. "Na ji a rediyo wai Turawa sun hwara taɓa ƙwayar halitta, suna gyara masu ciwon ga tun daga tushe. Kuma an gaya mini, ranar suna gidan Goggo kin ce da kina da hali da kin kai ɗiyag ga an yi mata."

Na faɗa, ban musa ba. Wace uwa ce ba za ta faɗa ba? Amma ni da zuwa Gusau ma sai na yi shiri da addu'a, ina ni ina Turai?

Sai ya zaro waya. Wai wani ɗalibinsa ne ya tura masa wani fim, irin wanda ake ɗora wa fassarar Hausa, mutum ɗaya ya yi muryar maza ya yi ta mata, ya kuma ƙara nasa gishirin. Ya ce ba don nishaɗi ya kalla ba, don ya san abin da zai gargaɗi jama'a a kai ne. Sau biyu ya kalla, saboda tsabar gargaɗi. Ya shiga ba mu labari: likitoci cikin ɗakin gilashi, iyaye suna zaɓen ɗa kamar masu taya rago a kasuwa, wannan a ƙara masa tsawo, wancan a rage masa fushi. Akwai wani yaro da aka sauya wa jini. Da ya farka, uwarsa ta miƙa hannu za ta rungume shi, ya dube ta bai gane ta ba, ya ture ta ya wuce.

"Yaya," na ce, "ƙarin jini anka ce. Leda guda."

"Haka abin ka hwarawa," ya ce. "Yau leda, gobe ƙwaya. Ni dai na hita hakkinki."

Yarinyar tana kwance ta juya mana baya. Na ɗauka barci take yi.

Ya fita wurin maza, wayar ta zagaya tabarma. Ina jin muryar mai fassara daga ɗakin, yana ihu yana "wayyo ɗana" da muryar mace. Kafin azahar majalisa ta rabu biyu. Ɗan baffanmu da yake aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma ya ce neman magani halal ne ko da daga ina ya zo. Yaya ya ce akwai bambanci tsakanin magani da sake halitta. Wani ya ce to ai mu ma muna zaɓen zangarniyar gero mai kyau mu ajiye iri. Yaya ya ce mutum ba gero ba ne. Aka kawo batun tagwayen da ake haɗawa a kwalba, aka kawo batun kajin gidan gona da ba sa iya tsayuwa da ƙafafunsu. Mutanen da ke jinyar wasu ma suka matso suna sa baki. Muhawara mai daɗi, wallahi, da a ce ba 'yata ce take numfashi sama-sama a bayan bangon ba.

Daga baya na kalli fim ɗin, da wasu irinsa, don in ga abin da ya ɗauke hankalin maza haka. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne iyayen da ake nunawa. Kullum masu hali ne, 'ya'yansu lafiya lau, ƙari kawai suke nema. Ba a taɓa nuna uwar da duk burinta shi ne ɗanta ya yi sati bai yi kururuwa ba. Amma ba zan ce Yaya bai da gaskiya ko kaɗan ba. Da a ce ana ba da zaɓi a lokacin da na ɗauki cikinta, aka jera mini, aka ce wannan mai ciwo ce wannan lafiyayya, na san wadda zan nuna, kuma ba ita ba ce. Wannan tunanin ban san inda zan ajiye shi ba har yanzu. Sai dai tunani ne na ranar da mutum yake zaune lafiya, ba na ranar da nas take leƙowa tana tambaya ko an samu mai bayarwa ba.

Na aika matar Yaya ta yi musu magana a hankali, yadda ya dace. Ta dawo da amsoshi. Ɗaya ya ce ana tsakiyar noman maimai, idan aka ɗebi jininsa wa zai riƙe masa fartanya. Ɗaya yana azumin nafila. Ɗaya ya ce shi ko yankan kaza ya gani sai jiri ya ɗebe shi, mutumin da da idona na ga ya feɗe rago ranar layya. Ɗan baffanmu, mai cewa neman magani halal ne, ya tuna cewa yana da hawan jini. Ana cikin haka direba ya fara danna oda, don hanyar Shinkafi ba a binta idan la'asar ta yi sanyi, kowa ya san dalili.

Da na ji odar nan sai wani abu ya tsinke mini. Na fita, na tsaya a kan tabarmar maza, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

"Yaya," na ce, "ba wanda ya ce zai kai ta Turai. Ba wanda zai ƙara mata tsawo. Wancan ɗakin mai koren ƙyaure, can aka gwada jini. Kun zo kun cika asibiti, kun ci hira, kun yanke hukunci kan maganin da ko a mafalki ba mu gani ba, za ku tahi ku bar min jarka. In ta mutu kahin gobe, ku dawo da tabarmag ga, ta yi muku amfani wurin zaman makoki."

Goggo ta kama salati daga taga. Yaya ya dube ni, fuskarsa ta haɗe, na ce yau sai ya mare ni a gaban mutane. Ya miƙe, ya sa takalmi, ya wuce ni ko kallo babu, ya nufi ɗakin gwajin. Fushi ne ya kai shi, na sani, ba tausayi ba, kuma ni a ranar ko wanne ne ina so. Biyu daga cikin mazan suka bi shi don kunya. Aka gwada, nasa ya dace. Mota ta tafi ta bar shi.

Na ce an gama. Nas ta shigo da ledar, ta rataye, ta ce wa yarinya ta miƙo hannu. Sai yarinyar nan, wadda aka yi ta huda tun tana goye ba ta taɓa gardama ba, ta cusa hannayenta biyu a ƙarƙashin cikinta ta kife. Aka lallasa, ta ƙi. Muka gwada juyo ta, ta sandare, numfashinta ya ƙara sama, nas ta ce a dakata kada a ƙarasa ta da kokawa.

"Ba ni so," take cewa cikin matashi. "Kawu ya ce in anka sake ma mutum jini ba shi gane innatai."

Ashe duk ta ji. Ban san lokacin da na isa baranda ba. Yaya yana zaune a benci, auduga a gwiwar hannu, yana shan madarar da aka kawo wa mara lafiya. Na ce masa ya tashi ya je ya kwance abin da ya ɗaura. Ya shigo, ya durƙusa a gefen gadon, malamin da ɗalibai suke tsallake kwata idan sun hango shi.

"Ɗiyata, him na. Ƙarya ta, shiri na anka yi."

"To don mi ka hwaɗi?" in ji yarinyar.

Na jira in ji bayani mai rassa, bai zo ba. Can ya ce jinin nan nasa ne, daga hannunsa aka ɗiba, ya nuna mata audugar. Ya ce shi da innarta nono ɗaya suka sha, jininsa ya san innarta tun kafin a haife ta. Sannan ta zaro hannu ɗaya ta miƙa wa nas, ta rufe ido.

Jini ya yi ta ɗiga. Rana ta yi sanyi, masu sayar da abinci a bakin asibiti suka fara kwashe kaya. Leɓɓanta suka soma canza launi, numfashi ya sauka. Nas ta zo ta cire ledar, ta ce barci ya ɗauke ta, a bar ta ta huta. Ni kuwa ina ganin fatar idonta tana rawa, ta matse ta da ƙarfi, hawaye yana bi ta gefe yana shiga kunne.

"An gama," na ce mata. "Buɗe idonki."

"In na buɗe ban gane ki ba hwa?"

Na kama fuskarta da hannu biyu.

"Ni na gane ki," na ce. "Buɗe."

Ta buɗe ɗaya tukuna, kaɗan. Ta dube ni tun daga goshi har haɓa, a hankali, ba ta bar ko'ina ba. Sannan ta buɗe ɗayan, ta ɗaga hannun da ba a huda ba, ta ja mini ɗankwalina da ya zame.

"Inna," ta ce, "kanki a buɗe yake, ga Kawu nan."