Kunnen da Ba Ya Ji

A bencin asibiti wani ƙato yana zaune, hannuwa duk baƙin mai, da gani makanike ne. Idonsa a rufe, iyafis ɗin waya a kunne, hawaye na bin gemunsa. Dattijon da ke gefensa, wanda aka shiga da matarsa tiyata har addu'a ta gagare shi, ya taɓa shi.

"Ɗana, rasuwa aka yi?"

"A'a, Baba, waƙar sujada ce. Ungo ka ji."

Ya cusa masa ɗaya a kunnen da ya daɗe da mutuwa. Kunya ta hana dattijo ya ce wannan kunnen ba ya ji. Yana ta gyaɗa kai kamar gwani, alhali ba ya jin komai, sai kallon leɓen makanike na motsi a hankali: Yesu, Yesu. Can ya tsinci bakinsa yana bi.