Munzali da Kunnen Bakano

Ni ban taɓa son mutumin da zai zuba maka ido yana murmushi alhali ba ka faɗi abin dariya ba. Munzali irinsu ne, kuma shekara biyu muka yi a gida ɗaya a unguwar Sri Petaling a Malesiya, hawa na goma sha ɗaya, ni da shi da Abdulwahidu. Dukanmu gwamnati ce ta turo mu ƙaro karatu. Ni Basakkwace ne mai karatun lissafi, Abdulwahidu Bakano ne mai neman digiri na uku a fannin sinadarai, shi kuma Munzali Bazazzagi ne, aikin jarida ya zo karantawa.

Tun yana makarantar kwana a Zariya ya gano abin da ya iya, wato kwaikwayon mutane. In ya kalle ka minti biyar ya kwashe tafiyarka da tarinka da yadda kake gyara hula. Shugaban makarantarsu ya taɓa ritsa shi yana kwaikwayonsa a bayan ɗakin cin abinci, maimakon ya sa a zane shi sai ya ce ya sake yi ya gani. Har yau ina cewa da an zane shi ranar nan, da mutane da yawa sun huta. Daga nan ya shiga gidajen biki da ɗakunan taro na jami'o'i, shekara goma yana sa mutane faɗuwa daga kujera, har aka laƙaba masa suna Madubi. Da ya fara teɓa, gwiwa kuma ta fara ciwo, sai ya ce ya gaji da a riƙa kiransa tsakanin shinkafa da lemo. Wata tashar talabijin a Kano ta ɗauke shi rubuta wasan barkwanci na mako-mako, ya daina hawa dandamali. Amma bai daina kallon mutane ba. Yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango da yake ɗaurewa da roba, ko masallaci za shi yana aljihunsa. Burinsa ɗaya ne, ya rubuta littafi a kira shi marubuci, a daina ce masa ɗan wasa.

Tsakaninsa da Abdulwahidu kuwa wasan Kano da Zazzau ne, ba dare ba rana. Munzali bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai bawana. In Abdulwahidu ya dafa taliya ya ce bawa ya ƙona, in ya sa sabuwar riga ya ce ta ubangidansa ce ya sata. Shi ma Abdulwahidu yakan rama iya ƙarfinsa, duk da bakinsa bai kai ba. Kowa ya san ƙa'idar abin: abokin wasa ba a fushi da shi, kuma ba a kai ƙararsa.

Sai annoba ta zo, aka kulle gari a watan Maris. Mutum ɗaya ke fita sayayya daga kowane gida, shagon abinci na mamak da ke ƙasan beninmu ya kife kujeru, sai dai ka yi tapau, wato a ƙunshe maka, ka hau sama. Daga baranda muna kallon jirgin ƙasa na LRT yana wucewa babu kowa a ciki. A cikin wannan zaman ne wasiƙar Abdulwahidu ta zo. Wa'adin karatunsa ya ƙare, ɗakin gwaje-gwaje a rufe, malamin da ke duba aikinsa ya koma wata ƙasa, jami'a ta cire sunansa. Shekara biyar ta tafi a banza. Ya gaya mana bayan la'asar muna shan shayi.

"Abu ɗaya nake roƙonku," ya ce. "Kada Iya ta ji. Hawan jini gare ta. In an buɗe hanya zan je in durƙusa gabanta in gaya mata da bakina."

Iya mahaifiyarsa ce, tsohuwa mai sayar da man gyaɗa a Gwammaja, kuma shi ne autanta. Tun ranar da ya hau jirgi matan unguwa suke kiranta uwar Dakta.

Munzali ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba bawana, ni zan tona maka asiri? Sha shayinka lah," irin maganar 'yan ƙasar. Na ga hannunsa ɗaya yana shafa aljihu, amma ban kawo komai a raina ba.

Kowace Juma'a da yamma, lokacin hantsi ya yi a Kano, Abdulwahidu yakan sa farar rigarsa ta ɗakin gwaji a kan gajeren wando, ya jera littattafai a bayansa, ya kira Iya ta bidiyo. In ta tambayi karatu sai ya ce, "Saura ƙiris, Iya." Kuma duk lokacin da zai faɗa sai ya kai hannu ya ja kunnensa na hagu. Ni wata shida ina zaune a gefe ban lura ba. Munzali ya lura tun Juma'ar farko.

Wata rana na shiga kicin na tarar ya jingina waya a jikin tukunyar shinkafa yana ɗaukar kansa. Ya sa farar rigar Abdulwahidu, ya langaɓar da kai, ya ja kunne ya ce, "Saura ƙiris, Iya." Wallahi da na rufe ido da na rantse Abdulwahidu ne. Ya ce yana nuna wa ɗan wasan da zai fito a sabon shirinsa ne yadda zai yi. Ga abin da nake jin kunyarsa har yau: dariya na yi, har da riƙe ciki. Na ce masa dai ya canza wasu abubuwa, ya ce ai dole. Sunan kawai ya canza.

Shirin ya fito a farkon shekarar da ta biyo baya, sunansa Dakta Saura Ƙiris. Wani Bakano ne a Malesiya da aka kora daga karatu, yana sa farar riga yana yaudarar tsohuwarsa mai man gyaɗa. Kano ta ɗauka. Yara suna jan kunne a titi, tashar ta ƙara wa shirin lokaci, Munzali yana yawo a falo da waya a kunne yana amsa yabo. Abdulwahidu bai sani ba, don tun da wasiƙar ta zo ya daina buɗe komai a waya. Ni kuma na sani na yi shiru, ina ta cewa gobe zan gaya masa.

Juma'a ta uku da fara shirin Abdulwahidu ya sa rigarsa ya kira gida. Ina kan kujera ina ninke wanki. Iya ba ta tambayi karatu ba, shi da kansa ya fara.

"Saura ƙiris, Iya."

"Sauke hannunka daga kunnen nan, Auta."

Ya sauke a hankali.

"Tun kana shekara huɗu kake jan kunnen nan in ka sha mini mai ka ce ba kai ba ne. Tun azumin bara nake ganin hannunka, na yi shiru ina jiran ka gaya mini da kanka. Karatu in bai yiwu ba, ba ka mutu ba, ka dawo gida. Amma a ɗakina, a kan tabarmata, matan unguwa suka zauna kallo. Suna dariya, sai suka daina, suka juyo suna kallona. Da me na cancanci wannan?"

Ta ce Allah ya yi masa albarka ta kashe wayar. Ya daɗe a zaune cikin farar rigar. Ƙofar kicin a buɗe take kaɗan, kuma na ji ƙarar robar ɗan littafin Munzali.

Da Abdulwahidu ya fuskanci Munzali, abin da ya samu shi ne, "Wasa ne fa, bawana. Yau Bakano zai yi fushi da ubangidansa?" Na kai maganar wurin Malam Datti, dattijon da muke jin maganarsa a cikin 'yan gida da ke Bukit Jalil. Ya yi dariya ya ce tsakanin Kano da Zazzau ba mai shiga, kakanni suka bar mana. Kakanni sun bar mana wasan ne don a zauna lafiya, ba don wani ya yi kasuwa da hawayen tsohuwa ba, amma ban sami wanda zai saurare ni ba.

Bayan wata huɗu Munzali ya cika burinsa. Ya mayar da shirin littafi, yana sakin babi-babi a waya kafin a buga shi a Kaduna. A shafin farko ya rubuta: ga bawana Bakano. Na karanta babin ƙarshe a tsaye a layin rigakafi. Maganar Iya ce, kalma da kalma, har da tabarmar. Masu karatu suka ce ba su taɓa ganin marubucin da ya san zuciyar uwa kamarsa ba. An fara gayyatarsa hira, yana bayani a kan yadda ake ƙirƙirar mutane daga tunani.

Ranar da Abdulwahidu zai koma gida muka sauko da akwatunansa biyu muna jiran motar haya. Munzali ya biyo mu da takunkumi a haɓa, ya buɗe hannuwa.

"Bawana, za a gudu ba sallama da ubangida?"

Abdulwahidu ya ajiye jakarsa. Ya ɗan rusuna, irin rusunawar da ake yi wa baƙon da aka haɗu da shi a wurin ta'aziyya.

"Ina wuni, Malam Munzali. Ya iyali? Allah ya saka da alheri, a yafe mu."

Shekara biyu ban taɓa jin ya kira shi Malam ba. Munzali ya tsaya da hannuwa a buɗe, ya jira zagin da zai biyo baya, babu. Mutumin da ya yi shekara goma a dandamali ya rasa kalma ɗaya, fuskarsa ta saki kamar ta tsoho. Motar ta zo, na rungume Abdulwahidu, ya shiga bai waiwayo ba.

Har na fara jin tausayin Munzali, na ce wataƙila yau abin ya shige shi. Muka shiga lif mu biyu. Wajen hawa na shida ya sa hannu a aljihu, ya zare robar, ya danna biro.

"Da me ya fara ma?" ya ce. "Ina wuni, ko ya iyali?"