Kifin da ya ci ƙugiyar Kawu ba mu ji ba

Mun tashi da asuba, ana idar da sallah a masallacin unguwarmu ta Hausawa a New Bell, cikin birnin Duwala. Mu uku ne: ni, da kawuna, da maƙwabcina mai tsire. Niyyarmu Yupwe, bakin ruwan da masuntan Duwala suke sauke kifi, daga can mu hau jirgi mu nufi bakin teku. Kafin in shiga labarin hanya, bari in fara da dalilin tafiyar, don komai ya zauna a wurinsa.

Kawu wan mahaifiyata ne. Masunci ne tun yana saurayi, a kogin Binuwai da farko, daga baya a tafkin Lagdo. Ciwon sukari ya cinye masa ido, na kawo shi Duwala a duba, likita ya gama bincikensa ya ce ba abin da aiki zai gyara. Da muka dawo gida na tambaye shi abin da yake so in yi masa kafin ya koma arewa. Na zaci zai ce yadi ko rediyo. Sai ya ce, "Ɗana, na kama giwan ruwa, na kama tarwaɗa, na kama ragon ruwa. Kifin teku ne bai taɓa ja da ni ba. So nake in ji shi a hannuna ko sau ɗaya." An riga an yanki tikitin jirgin ƙasa, washegarin tafiyarmu zai tashi. Rana ɗaya ke nan muke da ita.

Tunda ba ya ganin igiya, na nemi abin da zai ji da kunne. Wajen wani Bakano da ke sayar da kayan China a kasuwa na samo shi: ɗan akwati ne da bai cika tafin hannu ba, da pil, wato batir, a ciki, da ɗan baki mai cije igiya. Ana ɗaure shi a gefen jirgi, a saki ƙugiya da kifin roba a baya, jirgi yana tafe yana jansu. In kifi ya fizga, bakin ya saki igiyar, akwatin ya yi ƙara, wata 'yar jar fitila ta kama. A gefensa akwai maɓalli na kashe ƙarar. Na gwada shi a shagona na ƙusa da makullai har maƙwabta suka fara leƙowa.

Mashin ɗin haya da ake kira bensikin shi ne motar kowa a garin nan, amma ba zan ɗora makaho a kai ba, don haka muka ɗauki taksi shata. An yi yayyafi kafin asuba, kwatocin New Bell sun cika sun hau titi, direba yana kauce wa rami yana faɗawa wanda ya fi shi. Mata sun riga sun kafa kasko, ƙamshin makala, wato fanke, da wake ya cika motar. Mai tsire ya ce a tsaya. Na ce ba a tsayawa, abinci yana cikin kwando, kuma sai an hau ruwa za a buɗe. Ya ce, "Maƙwabci, kai ko aljanna aka buɗe sai ka ce a bi layi." Kawu ya yi dariya. Ni ban yi ba, ina lissafin cikar ruwa, don mai jirgin da zai ɗauke mu ya gargaɗe ni cewa in ruwa ya janye sai mu kwana a taɓo.

Yupwe hancinka ne yake fara isa. Ƙarnin kifi, hayaƙin banda, fetur, duk a haɗe. Jiragen katako dogaye sun jeru, kowane da fenti da addu'arsa a jiki. Matan da ke sarin kifi suna ciniki kamar faɗa, da Faransanci da turancin pijin da harsunan da ban sani ba. Na taya wani kifi don in san farashi kawai, sai na tarar ya fi na kasuwar cikin gari, Marché Dakar, tsada, alhali shi na Dakar har mota ya hau. Mai tsire ya ce ba kifin suka yi wa kuɗi ba, hulata suka yi wa.

Mai jirginmu mutumin bakin ruwan ne, gajere, ba ya son magana. Ya dubi akwatin ya juya shi, ya ce, "Alaji, wannan na masu hutu ne," amma ya ɗaure shi inda na nuna, ƙasa-ƙasa a gefen dama, bayan jarkokin fetur. Ya sa wa Kawu rigar ruwa da kansa, ya zaunar da shi kusa da wurin.

Kafin a tada inji na shimfiɗa tsari. Da farko, ba mai tsayuwa a jirgi. Sannan ba mai taɓa igiya sai akwati ya yi ƙara. In ya yi, Kawu ya sa safar hannu, ni in miƙa masa igiyar, shi ya ja. Kawu ya ce, "Ba ni safar yanzu in riƙe igiyar mana. Hannuna zai ji." Na ce a'a. Igiyar siririya ce tana yanka, mai sukari kuwa in ya yanke ba ya warkewa da wuri, kuma babban kifi yana iya fizge mutum ya faɗa ruwa. Dalilan nan gaskiya ne, har gobe ina kansu. Sai dai akwai na ƙarshe da ban faɗa ba: na sayi abu, na tsara yadda za a yi da shi, ba na so a canza. Kawu ya ce, "To, jirginka ne," ya ɗora safar a cinya.

Muka bi ta cikin itatuwan da ke tsiro a ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Mai tsire yana ba Kawu labarin duk abin da muka wuce, rabi gaskiya rabi ƙari. Da muka fito fili muka ga manyan jiragen kaya suna jiran shiga tasha, ya ce wa Kawu ɗaya daga ciki ya fi Garwa girma. Kawu ya ce, "To a ciki za ka buɗe tukuba, ka huta da haya." Ya sa hannu a ruwa, ya ɗanɗana, ya tofar. Ya ce ya sha jin labari, amma bai zaci gishirin ya kai haka ba.

Can aka saki ƙugiya. Ba a jima ba akwati ya tsala ƙara. Kawu ya zura safa da sauri irin na saurayi, na miƙa masa igiya, ya ja, ya ja, sai ya tsaya. Ya ce, "Wannan ba ya numfashi." Leda ce. Muka cire, muka mayar. Ya sake ƙara: ciyawar ruwa. Ya sake: tsohon buhu. Duk sharar da Duwala ta zubar a kogin Wuri nan take taruwa, kuma akwatin bai san bambancin leda da kifi ba. Kowane karo Kawu sai ya zabura, kowane karo sai ya cire safar a hankali. Mai jirgi ya ce mu yi haƙuri, in muka ƙara gaba ruwan zai yi tsabta.

Azahar ta same mu a nan. Mai jirgi ya ce ba zai kashe inji ba, in jirgi ya tsaya ƙugiya za ta nutse ta kama ƙasa, amma zai daidaita mana hancin jirgin gabas ya tafi sannu. Muka yi alwala da ruwan teku, mai tsire yana yamutsa fuska wajen kurkure baki. Kawu zai ja mu a zaune. Sai na tuna ƙarar nan. Na ce a raina, ba za a yi ta tsala ihu saboda leda muna tsakiyar Fatiha ba. Sallah daban, su daban, kowane da lokacinsa. Na miƙa hannu bayan jarkoki na kashe maɓallin. Ban gaya wa kowa ba, don a ganina ƙaramin abu ne, ana sallamewa zan kunna.

Aka sallame, aka yi addu'a. Mai tsire ya ce tsarin maƙwabci ya ce abinci sai an hau ruwa, ga shi har mun kusa sauka. Na buɗe kwando: burodi, kilishi, bobolo na rogo da matata ta saya, da shayi a fulas ba sukari saboda Kawu. Na raba, na tabbatar ya sha maganinsa, na tattara ledoji don kada mu ƙara wa ruwan shara. Duk wannan na yi shi daki-daki. Maɓallin ne kaɗai ya fita daga kaina.

Ruwa ya yi tsabta kamar yadda mai jirgi ya faɗa, ya koma kore, tsuntsaye suna faɗawa ciki suna tashi. Mai jirgi idonsa yana gaba, yana kauce wa hanyar manyan jirage. Mai tsire ya rufe fuska da hula. Kawu kuwa ya karkata kai wajen jarkokin, kunnensa a kan akwatin, safa a cinya, ko motsi ba ya yi. Rana ta karkata yana nan a haka. Sau ɗaya ya ce, "Ɗana, anya abin nan yana da rai? Jirgin kamar yana jan ƙafa ta dama." Na ce masa, "Kawu, in bai yi ƙara ba, ba kifi. Haka aka yi shi." Da muryar da nake yi wa masu saye bayani na faɗa. Ya mayar da kunnensa kan akwatin.

Da la'asar ta gabato mai jirgi ya ce ruwa ya fara janyewa, a naɗe. Na zagaya bayan jarkoki. Bakin akwatin a buɗe yake, igiya ta kuɓuce ta miƙe tsaf a kan ƙarfen da aka ɗaure ta, 'yar jar fitilar tana ci, rana ta hana a gan ta. Tun yaushe, Allah kaɗai ya sani.

Na sa wa Kawu safa, na miƙa masa igiya. Ya ja. Akwai nauyi, fuskarsa ta buɗe. Ya ƙara ja, ya dakata yana jira a ja da shi. Ba a ja ba. Haka ya yi ta naɗowa hannu bayan hannu, har kifin ya iso gefen jirgi a kwance, cikinsa sama. Dogo ne, mai haƙora kamar na kare, ya kai tsawon hannuna har kafaɗa, irin wanda masu jirgi ke cewa yana tsalle yana yanke igiya. Ya yi faɗansa shi kaɗai a bayanmu, jirgi ya ja shi har ya mutu.

Kawu ya cire safa, ya shafa kifin daga kai har wutsiya, ya taɓa haƙoran, ya danna cikin. Ya ce, "Ya daɗe." Sannan ya ce, "Wannan ba kamu ba ne, tsintuwa ce."

Na gaya masa abin da na yi, a gaban kowa. Mai jirgi ya girgiza kai ya ce, "Ashiya, papa," wato sannu. Kawu ya ce, "Don sallah ka kashe, ba don wasa ba. Allah ya karɓa." Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na roƙi mai jirgi mu ƙara zagaye ɗaya. Ya nuna mini taɓo da ya fara leƙowa a bakin itatuwa, ya ce in muna so mu kwana da sauro, bismilla. Muka juyo. A Yupwe matan nan suka yi ta taya kifin, na ce ba na sayarwa ba ne. Taksin dawowa ya maƙale a cunkoson masu tashi daga kasuwa, bensikin suna ratsa mu ta ko'ina, muka shigo New Bell ana kiran magariba.

Mai tsire ya gasa kifin a tukubarsa da yaji da albasa, aka raba wa maƙwabta. Kowa ya zo yana yi wa Kawu barka, shi kuwa duk wanda ya ce "Sannu da kamu" sai ya gyara masa: "Jirgi ne ya kama, ni na ɗauko." Na ce zan canza tikiti mu koma teku jibi. Ya ce ɗansa yana jiransa a Ngawundare, kuma jikinsa ba zai ɗauki wani yinin a ruwa ba. Da safe na raka shi tasha. Na sa akwatin a jakarsa, ya laluba ya fito da shi ya mayar mini. Ya ce a Lagdo igiya a yatsa ake riƙewa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ga shi a jere kamar yadda na saba. Wanda zai je, ya tambayi lokacin cikar ruwa kafin ya tambayi kuɗin jirgi. Kada ya saki ƙugiya sai ya wuce sharar kogi. In ya kashe wani abu da niyyar kunnawa, ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji, don a samu mai tuna masa. Na ƙarshe shi ne ya fi ci mini rai: mutum ya roƙi a ba shi igiya ya riƙe, safa tana cinyarsa, ba abin da zai hana sai tsarina. Da na ba shi, ko akwatin yana kashe hannunsa zai ji.

Akwatin yana shagona yanzu, a kan kanta kusa da makullai. Tun a jirgi na kunna maɓallin, ban sake kashe shi ba. Ba abin da yake jansa.