Faffaɗan Tayoyi a Motar Kaka

Wari na fara ji. Mun baro ƙauyen Gbalahi ke nan, but ɗin mota cike da sabuwar doya, sai hancina ya kamo wani wari kamar an jefa tsohon silifas a murhu. Mma tana gaba tana jan carbi. Taubashiyata, 'yar Kawu, tana riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, tana bin waƙar rediyo da baki. Ni ina baya, daidai saman taya. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ƙurrr a ƙarƙashina. Babu wanda ya kula sai ni, kuma na san abin da yake ci. Tun kwana uku kafin ranar na sani. Yau mako uku ke nan da faruwar abin, har yanzu in babur ya buga salansa a bayan gida sai cokali ya faɗi daga hannuna.

Sai na koma da ku baya kafin ku gane.

Motar ta Kaka ce, mahaifin Mma da Kawu. Tsohuwa ce ƙwarai, ruwan madara, irin mai ƙarfe na gaske, wadda in aka rufe ƙofarta maƙwabta sai sun ji. A gidansa na unguwar Nyohini na girma, don bayan rasuwar Babanmu can Mma ta koma da ni. Ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida motar take kwana. Kowace Juma'a da safe ake wanke ta, kuma Kaka ya raba mana aiki tun muna 'yan shekara shida. Taubashiyata ita ke da gilashi da kujerar gaba. Ni kuwa tayoyi.

Wanda bai taɓa cire jan laka na damina daga zanen taya da tsinken tsintsiya ba, ba zai san abin da nake nufi ba. Ina tsugune, ruwan sabulu yana gangarowa daga sama yana jiƙa min ɗankwali, ita kuma tana ciki tana juya sitiyari, tana danna hon kaji suna watsewa. Ƙamshin kujerar nan ta fata, in rana ta gasa ta, ta taga nake shaƙarsa. Kaka yana kiranta "Direba". Ni "Mai Taya". Ita kuma ba ta taɓa kirana da sunana ba sai "baiwata", wasan taubasai, ba wanda zai ce a daina. Ana dariya ina dariya. In na shiga ɗaki sai in ciji filo.

Amma akwai abin da tsuguno ya ba ni wanda kujerar gaba ba ta ba ta ba. Kaka ba ya tayar da mota sai ya zagaye ta. Yakan tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya durƙusa kusa da ni da ƙyar, ya zura tafin hannunsa tsakanin saman taya da bakin ƙarfen jikin motar. Rannan na tambaye shi me yake nema a ciki.

"Yatsu huɗu, Mai Taya. In an loda doya mota za ta zauna, biyu su tafi. Biyun da suka rage, su ne ranmu."

Sau ɗaya ya faɗa. Tayoyin motar sirara ne, ko da ta zauna sai su shige cikin ramin su ba tare da sun taɓa komai ba, duk da haka bai taɓa fasa aunawa ba.

Doyar da yake magana kuwa ta abokinsa ce, wani tsohon manomi Badagombe a Gbalahi. Kowace shekara in doya ta fara fitowa, Kaka zai kai masa goro da gishiri da turmin atamfa na iyalinsa, shi kuma ya cika masa mota da doyar farko. Dukansu biyu sun rasu, amma 'ya'yansu ba su bari zumuncin ya yanke ba. Sai dai bayan Kaka a motar haya ake zuwa, don tasa ta koma hannun Kawu, ya ɗora ta kan duwatsu, ganyen dalbejiya ya rufe ta, agwagi suka mai da ƙarƙashinta ɗaki. Ni kaɗai nake share ta lokaci-lokaci, ba wanda ya sa ni.

Na gama sakandare na zauna taya Mma sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Taubashiyata aka tura ta jami'a a kudu. Bana ta dawo da takardar digiri da lasin tuƙi, Kawu ya shiga ɗaki ya fito da makullin Kaka, har da ɗan zaren fatar da ke jikinsa, ya sa mata a hannu a gabana. Ina riƙe da bokiti lokacin. Na ce mata barka.

Ta kai motar wurin wani fita, wato makaniki, a Dungu, aka tayar da injin, aka yi sabon fenti. Sannan ta ce tayoyin Kaka kamar ƙafar sauro, ita irin waɗanda ta gani a waya take so. Aka cire su, aka sa wasu rim, ƙarafan tsakiyar taya, masu walƙiya da tayoyi faffaɗa waɗanda suka leƙo waje daga jikin motar. Fitan ya juya sitiyari hagu, ya juya dama, ya zaga unguwa da ita, ba ta taɓa ko'ina ba. Motar babu kowa a ciki sai shi, ina za ta taɓa?

Ranar da ta shigo da ita gida, wallahi ta yi kyau. Wannan ma ya ƙara min. Matan maƙwabta suka fito, ana ta ɗaukar hoto, ita ta jingina da ƙofa da baƙin gilashi a ido.

"Baiwata! Ina kike? Zo ki gani, na ƙara miki faɗin ofis. Ɗauko tsintsiyarki."

Aka kwashe da dariya. Na ɗauko. Na tsuguna a tayar baya, hannuna da kansa ya tafi inda hannun Kaka yake zuwa. Yatsu biyu, su ma da ƙyar, kuma bakin ƙarfen yana daidai kan gefen tayar kamar wuƙa a kan burodi. Na ɗaga kai zan yi magana, sai na ji Kawu yana cewa wani maƙwabcinmu:

"Ka ga yarinyar nan? Jinin Baba ne sak. Ita kaɗai ta gaji son motar nan a gidan nan."

Na rufe bakina.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban so kowa ya ji ciwo ba. Abin da na zana a raina shi ne, za ta loda doya, tayar ta yi ta kuka, ta tsaya a bakin hanya da baƙin gilashinta, a jawo motar gida da igiya yara suna bin ta. Sai ni kuma in ce, ai Kaka yakan auna. Kwana uku ina juya wannan maganar a bakina kamar alewa.

Da safiyar ranar zuwa karɓo doyar bana a Gbalahi sai Kawu ya ce Mma ta bi ta, don ita ce Dagbancinta ya nuna, ita za ta gaida mutanen gidan yadda ya kamata, ni kuma in je in taya ɗaukar kaya. Na tsaya a bakin ƙofar mota. In na faɗa yanzu, za a ce tun yaushe kika sani? Na shiga na zauna. A Gbalahi da hannuna na jera doyar. Ina jin motar tana sauka da kowace ɗaya. Na ce wa 'ya'yan tsohon ta isa haka, suka ce kunya ce motar Alhaji ta bar gidansu but bai cika ba.

To, mun dawo wurin warin nan. Rami ɗaya, rami biyu. Ina kallon ƙeyar Mma, inda gyalenta ya zame furfura ta fito. A na ukun ban san lokacin da ihu ya ƙwace min ba.

"Tsaya! Don Allah tsaya, tayar tana ci!"

"Kai, baiwata, ba ki saba da gudu ba ne. Wannan ba keken ƙosai ba ne fa."

Amma ta ɗaga ƙafarta daga mai, ta waiwayo tana dariya. Sai tam! Tayar baya ta fashe. Bayan motar ya tafi gefe kamar an fizge shi. Na ga gonar masara ta taga, na ga sama, na sake ganin masara. Muka kwanta a gefe cikin lambatun da ruwan jiya ya cika. Doya tana ta gangarowa kan titi, rediyo bai daina waƙa ba. Na kira Mma sau biyu ba ta amsa ba. Abin da na ji a tsakanin kira na biyu da lokacin da ta fara salati, ba ni da kalmar faɗarsa.

Manoma ne suka zaro mu, wani mai babur ɗin kaya ya kai mu asibiti. An yi wa Mma ɗinki a goshi. Taubashiyata ta karye a wuyan hannu. Ni jikina ko ƙwarzane babu, amma wuyana ya ƙi juyawa, ƙafata ta hagu kamar ba tawa ba. Suka ɗaure min wuya da wani abu mai tauri, nas ta ce ko tari kada in yi da ƙarfi sai an ga hoton ƙashin. Tun kafin azahar nake kwance ina kallon fankar silin. Ina jin muryoyin dangi suna shigowa, duk gadon taubashiyata da ke bayan labule suke nufa. Ku ji irin zuciyar da nake da ita: ban san ko zan sake takawa ba, amma ina ƙirga masu zuwa wurinta.

Ana kiran la'asar likita ya shigo da hoton a hannu. Ya tsunkuli babban yatsan ƙafata, na ce wash.

"Madalla. Motsa su duka. Babu karaya, buguwa ce, jijiya ta firgita. Kin tsira, 'yar'uwa. Kwana biyu za ki koma gida da ƙafarki."

Mma ta kifa kanta a gefen gadona tana kuka, bandejin goshinta yana gogar hannuna. Sai aka yaye labulen. Taubashiyata ce, hannu a rataye, kwalli ya ɓata mata fuska, Kawu yana riƙe da ita.

"Baba, ita ce," ta ce. "Ita ta ji. Da ba ta yi ihu ba, da gudun da nake yi, wallahi da gawa uku za ka zo ɗauka."

Ta kira ni da sunana, na gaskiya, ta ce in yafe mata. Kawu ya saki hannunta ya zo ya zauna a bakin gadona, ya dafa kaina. Dangin nan duka suka juyo suka kewaye ni, kowa yana sa min albarka.

Maganar tana nan a maƙogwarona, ƙarƙashin abin da suka ɗaure min wuya da shi. Na buɗe baki. Hannun Kawu yana da ɗumi, kuma tun da nake ban taɓa jin sa a kaina ba.

Na ce, "Ba komai, Kawu. Allah ne ya tsare."