Injin Audi Maƙeri

A Yankara, in aka ce fartanya ta Audi ce, ba a tsayawa jijjiga ta. Maƙeri ne ɗan maƙera. In ya soka ƙarfe a ƙota, sai dai ƙotar ta karye, ƙarfen bai motsa ba. Ya kuma san haka, don ba ya jiran a yabe shi, shi yake farawa.

A kakar 1954 ya kai auduga Funtuwa, ya ga jirgin ƙasa, ya manta da jakinsa. Wani mai zuba gawayi ya nuna masa yadda tururi ke tura sandar ƙarfe a cikin bututu har ƙafa ta juya. Audi ya ce ai abin bai fi haka ba, ya dawo gida da ƙaiƙayi a hannu.

Kullum bayan la'asar, in ya gama fartanyun mutane, sai ya koma kan ɗan injin tururin da yake ƙerawa. Ya kifa tsohon keke, ya ɗaura guntun tagulla a gindin ƙafar, matarsa Barakatu tana juya feda da hannu tana mita, shi yana kafa zarto yana fitar da sanda da bututu. Wata biyar suka yi a haka. Sai dai hannun da ya saba da ƙota ba ya barin sarari. Da guduma ya shigar da sandar cikin bututun, ya ji daɗi ƙwarai.

Ranar kasuwa ya tara jama'a, ya hura wuta. Tukunya ta tafasa, ta yi huci, ƙafar injin ko gezau. Aka yi ta dariya. Baba Zailani, babban maƙerin garin, ya ce masa ya bar wasan yara. Ga damina ta ƙarato, manoma suka fara kai aikinsu wata maƙera. Wannan ya yi wa Audi ciwo, don sunansa shi ne gonarsa.

Da ya zo zare sandar da ƙyar, a nan ya gane matsewar ce ta yi yawa. Kwana uku yana goge ta da toka da man gyaɗa, har ta riƙa zamewa da kanta, yana yi yana jin kunya.

Bai sake tara kowa ba, Baba Zailani kaɗai ya kira. Tsohon ya taɓa sandar da yatsa, ya taɓe baki.

"Wanga abu rawa yakai. Ubanka bai koya maka haka ba."

"Haka ne, Baba. A ɗan dakata."

Ruwa ya tafasa. Ƙafar ta motsa, ta tsaya, sannan ta kama gudu har faifan da aka ɗora ta a kai yana kaɗawa. Tsohon ya tsuguna yana kallo har gawayin ya cinye. Sai ya gyara zama, ya jawo zugazugi da hannunsa.

"Ƙaro gawayi," in ji shi. "Ni zan zuga maka."