Motar Yaya Sule Da Safiyar Kasuwa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sule direba. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don ina tsoron in ɗora wa mamaci abin da bai yi ba, ko in wanke wanda bai kamata a wanke ba.

Bayan samun 'yancin kai da kaɗan ya sayi wata tsohuwar mota mai shan fetur, yana jigilar mutane daga Ikara zuwa kasuwar Makarfi. Kullum tana tashi lafiya, sai dai fa ranar kasuwa. A ranar sai ta yi ta gurnani ta ƙi kamawa, fasinja na tsaye da kayansu. Yaya ba mai gaggawa ba ne. Yakan duba kan batir, ya kwance fulogi ya goge, ya shinshina fetur ko an gauraya shi da kananzir, ya buɗe kabureta ya hura. Ba ya samun komai. Da hantsi ya yi, sai ta tashi da kanta, alhali mutane sun riga sun hau motar Ɗan Asabe, maƙwabcinmu, wanda shi ma wannan hanyar yake bi.

Ni na fara kawo zancen asiri. Na ce, "Yaya, wane irin ciwo ne wannan da ya san ranar kasuwa?" Bayan mako biyu, a gaban jama'a Yaya ya ce wa Ɗan Asabe, "Malam, ka kwance mini motata." Ɗan Asabe ya yi dariya ya ce, "Haba Sule, wannan gyatumar ai tsufa ne ya ɗaure ta." Dariyar nan ta ƙara mana zargi. Mutane suka fara gudun motar Ɗan Asabe, daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Kudan. Har Yaya ya rasu ba su sake gaisawa ba.

Bara wani bakanike a Zariya ya ce mini in ruwa ya shiga inda wayoyin fulogi suke haɗuwa, tsohuwar mota ba ta tashi sai ya bushe. Duk safiyar kasuwa ni nake wanke motar don in faranta wa Yaya, kuma saboda son tsabta har cikin inji nake kwara bokiti.

Amma ban yarda da bakaniken nan gaba ɗaya ba, yana magana yana kallon wani aiki. Kuma akwai safiyar da na ga Ɗan Asabe tsaye jikin motar. Me ya kawo shi? Da Yaya na raye ya ga motocin yau masu tashi da murɗa makulli sau ɗaya, ban san ko zai saki zarginsa ba.

A Ikara har yanzu ana tuna Yaya da kai marasa lafiya asibiti kyauta. Ana kuma tuna waccan maganar, ta bi 'ya'yan Ɗan Asabe har inda suke.

Ina roƙon makanikai masu karanta jaridar nan su gaya mini gaskiya, kada su sassauta: ruwan wanki yana yin haka? Wanda kuma ya san gidan Ɗan Asabe, ya rubuto. In na je, ina so in san abin da zan ce masa a ƙofar gida.