Lita Biyu da Suka Rage Mana

Ina riƙe da mazurari, yayana Sale na shirin zuba fetur a injin ban ruwa, sai ga Buba, Bafulatanin da ke kiwo kusa da gonarmu ta hanyar Bobi, ya turo babur yana haki.

Maciji ne ya sari matarsa, ga babur ba mai. Tunda aka cire tallafin mai, mai sayar da fetur a kwalba a ƙauyenmu ya daina kawowa.

Lita biyu kacal gare mu, kuma kwana huɗu ke nan barkonon Yaya bai sha ruwa ba, ganye duk ya yi yaushi.

Yaya ya tsaya cak da jarka a hannu.

Buba ya ce, "Malam Sale, ƙafar ta kumbura har gwiwa."

Yaya ya daɗe yana kallon gonar, sannan ya ce, "Buɗe tankin. In ka ɗauko ta, kada ka tsaya ko'ina sai asibitin Kontagora."

Matar ta rayu, alhamdulillahi. Kafin mu sake samun mai, rabin barkonon ya bushe.

Har yau ban san abin da zan yi ba da jarkar a hannuna take. Ku fa?